Ɗaya Tamkar da Dubu: Ɗalibanmu da Littattafan Jarumta

Gabatarwa

Akwai wani irin littafi da ba ya cikin manhajar makaranta, ba a rubuta sunansa a jerin littattafan da iyaye za su saya, ba a kuma taɓa yi wa kowa jarrabawa a kansa ba, amma duk da haka ya fi littafin lissafi da na kimiyya yawo a hannun ɗalibai. Galibi za ka same shi bango a yage, an liƙe shi da salatif, gefen takardun ya yi baƙi saboda yawan hannayen da ya ratsa. A ’yan shekarun nan kuma ya koma cikin wayar hannu, inda babu bangon da malami zai hango daga nesa ya gane shi. Ina nufin littattafan jarumta, wato ƙagaggun labaran nan masu saurin tafiya, waɗanda a cikinsu mutum guda yake tsayawa shi kaɗai ya kara da rundunar miyagu, ya sha wuya, ya tsallake rijiya da baya sau da yawa, daga ƙarshe ya yi nasara.

Da wuya a yi taron iyaye da malamai a tashi ba a taɓo maganar waɗannan littattafai ba. Wasu suna cewa a ƙwace su a ƙona, wasu kuwa suna cewa a ƙyale yara, ai labari ne kawai. Ni ra’ayina shi ne kada a hana ɗalibai karanta su, domin ta wannan ƙofa ce yara da yawa suke shiga son karatu. Sai dai kuma kada a bar su su kaɗai da su, saboda akwai wata ƙarya mai daɗi da ke kwance a cikin irin waɗannan labarai, wadda wajibi ne babba ya nuna wa yaro ita.

Yadda Suka Shigo Kano

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Nassarawa yana tsaye ne tsakanin Kano biyu. Ta ciki ga tsohon birni da Gidan Sarki da Gidan Makama da kasuwar Kurmi. Ta waje kuma ga Nassarawa, inda Turawa suka kafa mazauninsu bayan sun ci Kano a 1903. Karatun boko da littattafansa ta irin waɗannan ƙofofi suka shiga birni. A kan titin da ya tashi daga wannan ƙofa ya nufi Gidan Sarki, ɗakin karatu na British Council ya yi shekaru yana ba samari aron littattafan Turanci. Wanda bai samu a can ba, sai ya gangara Sabon Gari wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ya saya da ɗan kuɗin tararsa, in ya gama ya yi musaya da abokinsa.

A shekarun 1970 zuwa 1990 babu marubucin da ya kai James Hadley Chase farin jini a wurin ’yan sakandare. Baturen Ingila ne, an haife shi a 1906, ya rasu a 1985, ya kuma rubuta littattafai wajen 90, yawancinsu a kan ’yan fashi da ’yan sandan Amurka, alhali bai taɓa zama a ƙasar ba in ban da gajeriyar ziyara. Bayansa sai Ian Fleming, wanda ya ƙago James Bond a 1953, da Robert Ludlum mai labarin Jason Bourne na 1980, da Frederick Forsyth, ɗan jaridar da ya ɗauko labarin yaƙin basasar Nijeriya kafin ya koma rubuta ƙagaggun labarai. Gidajen sinima irin su Rex da Plaza da El Dorado da Marhaba su ma sun ƙara wa wutar itace da finafinan Bruce Lee da na Amitabh Bachchan, har yara suka saba da raba mutanen kowane labari gida biyu, jarumi da bos.

A 1977 kamfanin Macmillan ya fara fitar da jerin littattafan nan da ake kira Pacesetters, waɗanda ’yan Afirka suka rubuta domin matasan Afirka. A cikinsu ne Kalu Okpi ya rubuta labarin ’yan fasa-ƙwauri, Valentine Alily kuma ya ƙago Jack Ebony, ɗan leƙen asirin Nijeriya. Abin alfahari gare mu shi ne ɗaya daga cikin littattafan farko na wannan jeri, wato The Undesirable Element, ɗan Kano ne ya rubuta shi, marigayi Mohammed Sule, wanda ya fara rubutun yana ɗalibi a makarantar da muke kira Kwalejin Rumfa, ba nisa da Ƙofar Nassarawa. Shekarunsa 20 littafin ya fito. Ɗalibai su lura da wannan.

Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Masu cewa Turawa ne suka koya wa ’ya’yanmu son irin wannan labari ba su duba gida da kyau ba. Wane labari ne ya fi na Bayajida shahara a ƙasar Hausa? Baƙo ne shi kaɗai da dokinsa, ya iso Daura da dare, ya tarar macijiya ta hana mutanen gari ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma’a kawai. Abin da gari guda ya kasa, shi ya yi shi a dare ɗaya. In aka cire dokin da wuƙar aka sa mota da bindiga, ai an samu littafin Chase ko na Fleming. Haka kuma labarin Dawuda da Goliyat, wanda ’yan’uwanmu Musulmi suke kira Jaluta, kowane yaro a garin nan ya san shi tun kafin ya iya karatu.

Da aka fara rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko ma, jarumi guda ne ya yi gaba. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Malam Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, mayaƙin da ya gwabza da Turawa sannan ya zarce har ƙasashen aljannu. Abubakar Imam kuma ya kawo Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam ya bar gida shi kaɗai ya shiga duniya neman ruwan magani. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa labarin wani gwarzon ƙasar Rasha ne, amma Hausawa suka karɓe shi kamar nasu. A 1982 Bature Gagare ya zo da Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda ya kawo bindiga da ta’addanci na zamani cikin rubutun Hausa. Da kasuwar littattafan Kano ta buɗe sosai a shekarun 1990, ba soyayya kaɗai aka rubuta ba, domin marubuta irin su Ɗan’azumi Baba Ceɗiyar ’Yangurasa da Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun yi suna da labaran artabu da bincike, Abdul’aziz Sani Madakin Gini kuma da littattafan yaƙi.

Al’ummar da take taruwa ta kewaye fage domin kallon ’yan dambe biyu, take kuma sauraron kirarin mafarauta da ’yan tauri har tsikar jiki ta tashi, ba ta buƙatar wani baƙo ya koya mata son namijin duniya. Abin a jininmu yake.

Me Ke Jan Hankalin Ɗalibi?

Dalili na farko shi ne saurin labarin. Marubutan nan sun san sana’arsu. Babi gajere ne, jimla gajera ce, ba a tsayawa dogon bayanin gari ko na yanayi. Kowane babi yana ƙarewa ne daidai inda aka ɗora wa jarumi bakin bindiga, ko inda aka ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare, ta yadda mai karatu zai ce bari in ƙara babi ɗaya, har asuba ta riske shi. Sau da yawa kuma akan ɗaura wa jarumin wa’adi, a ce in bai kai wuri kaza cikin kwana uku ba za a kashe wane. Wannan dabara ta daɗe. John Buchan ya yi amfani da ita tun 1915 a littafinsa The Thirty-Nine Steps, inda ’yan sanda da ’yan leƙen asirin abokan gaba suke farautar mutum guda a lokaci ɗaya. Har yau a kan wannan turba ake tafiya, kamar yadda ake gani a labaran Jack Reacher da Lee Child ya fara fitarwa a 1997.

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi. Mu dubi rayuwar ɗan sakandare. A gida uba ne ke ba da umarni, a makaranta malami, a ɗakin kwana manyan ɗalibai. Ƙararrawa ce ke tashinsa, ita ce ke kwantar da shi. Ba a tambayar ra’ayinsa, in an zalunce shi kuma sau da yawa sai a ce ya yi haƙuri. To sai ga littafi ya ba shi mutumin da ba ya neman izinin kowa, ba ya tsoron kowa, in ya yanke shawara ya yanke ke nan. Muddin yaron yana cikin littafin, shi ne wannan mutumin. Wannan ya sa jarumin yake zama shi kaɗai, domin in da runduna ce, mai karatu ba zai san rigar wa zai sa ba.

Dalili na uku shi ne ƙishirwar adalci. Yaranmu suna da ido da kunne. Suna jin labarin shari’ar da ta shekara goma ba a yanke ba, suna ganin wanda ya ci dukiyar jama’a yana yawo da jiniya, suna ganin an ƙwace wa ɗan’uwansu waya a kan titi da rana tsaka ba abin da ya biyo baya. A cikin littafin jarumta kuwa mugu ba ya tsira. Kafin shafi na 200 an gama da shi. Yaron da zuciyarsa take yin sanyi idan ya ga azzalumi ya faɗi, lafiyayyar zuciya gare shi, kuma bai kamata mu kashe masa wannan ba.

Dalili na huɗu shi ne buɗe ido. Ɗalibin da bai taɓa wuce Wudil ba, ta littafi ya san titunan Landan da Faris, ya san yadda ake binciken fasfo a filin jirgi da yadda banki ke aiki. Forsyth musamman ya yi suna wajen bin diddigin yadda ake yin abubuwa filla-filla, har mai karatu ya ji kamar an shigar da shi ɗakin da ba kowa ke shiga ba.

Hujjar Masu Hani

Masu son a hana waɗannan littattafai suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Suna cewa akwai zubar da jini da shan giya da caca a ciki. Gaskiya ne. Suna cewa ana nuna mace kamar kayan ado ko tarkon da ake ɗana wa namiji, bangon wasu littattafan Chase ma kaɗai ya isa shaida. Wannan ma gaskiya ne, kuma akwai littattafan da ni kaina ba zan miƙa wa ɗan aji ɗaya ba. Suna kuma cewa suna cin lokacin nazari. Wane malami ne bai taɓa kama ɗalibi ya ɓoye labari a tsakiyar littafin nahawu ba?

Amma mu tambayi kanmu, hanin yana aiki? A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta ƙona littattafan Hausa da aka tattaro daga hannun ɗalibai, akasarinsu na soyayya. Rubutun bai tsaya ba, karatun ma bai tsaya ba. Cikin ’yan shekaru labaran suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube, inda babu edita, babu malami, babu uban da zai leƙa. Littafin takarda ko ba komai kana iya ɗauka ka duba abin da ɗanka yake karantawa.

Abu na biyu, mu malaman harshe mun san wani abu da ba ma cika faɗa a fili ba. Idan ka karɓi insha’in aji ka tarar da ɗalibin da jimlarsa take tafiya sumul, kalmominsa suna da yawa, ya san inda ake sa aya da waƙafi ba tare da ya haddace doka ba, bincika da kyau, za ka samu mai karatun labarai ne. Wani masanin koyon harshe na Amurka, Stephen Krashen, ya rubuta littafi a 1993 inda ya tattara bincike da ke nuna cewa karatun da yaro ya zaɓa da kansa don jin daɗi yana ƙara masa kalmomi da iya rubutu da fahimta. Yaron da ya gama littafi mai shafi 250 ba wanda ya sa shi, ya koyi zama wuri ɗaya da haƙurin bin dogon zance, abin da zai buƙata ranar jarrabawar WAEC da bayanta. A yau abokin hamayyar littafin makaranta shi ne ɗan gajeren bidiyon da ba ya kai minti ɗaya. Idan muka ƙwace labarin daga hannun yaro, ba littafin kimiyya zai ɗauka ba, waya zai ɗauka.

Inda Gizo Ke Saƙar

Haɗarin da na fi jin tsoro ba ya cikin waɗanda aka saba lissafawa. Yana cikin ginin labarin kansa. Littafin jarumta yana koya wa mai karatu abu biyu a ɓoye. Na farko, cewa mutum guda ya isa. Na biyu, cewa idan hukuma ta yi jinkiri, wanda ya tabbata yana da gaskiya yana da ikon ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne kuma hauni.

Mu fara da na farko. Ko a cikin labaran ma, in an duba da kyau, jarumin bai taɓa zama shi kaɗai ba. Wuƙar da Bayajida ya sare macijiya da ita maƙeran Gaya ne suka ƙera masa, kuma tsohuwa Ayana ce ta ba shi masauki ta gaya masa halin da gari yake ciki. James Bond yana da ofis guda a bayansa da ke ba shi mota da makami da labarin abokan gaba. A littafin Forsyth na 1971, The Day of the Jackal, wanda yake aiki shi kaɗai shi ne makashin da aka yi haya ya harbe Shugaba de Gaulle na Faransa. Wanda ya hana shi kuwa wani ɗan sanda ne marar kwarjini, da ya yi ta bin takardu da buga waya yana neman taimakon ’yan sandan wasu ƙasashe. Mu kuma da muke wucewa ta Ƙofar Nassarawa muna da babbar shaida a gabanmu. Tarihin Kano ya nuna an fara ginin ganuwa zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. Abin da ya tsare birnin nan ɗaruruwan shekaru aikin dubban mutane ne masu haƙa da masu kwaɓa da masu ɗauka a ka, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Bahaushe ya riga ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyun ya fi muni. Me ya sa ba ma damuwa idan jarumin littafi ya harbe mutum ba tare da shari’a ba? Saboda marubucin ya riga ya nuna mana mugun yana aikata laifin, mun gani da idonmu, babu sauran shakka. Marubuci ne yake tsaya wa jarumi shaida. A rayuwa kuwa babu marubucin da zai tsaya maka. Wanda ya tabbata yana da gaskiya yana iya zama ya yi kuskure, kuma rai in ya fita ba ya dawowa. A watan Oktoba na 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami’ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata. A watan Maris na 2025 an tare wasu mafarauta a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyarsu ta komowa Kano yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne saboda an ga bindigogin farauta a motarsu, aka kashe mutum 16. Ban ce waɗanda suka yi wannan ta’asa littafi ne ya sa su ba. Abin da nake cewa shi ne tunanin iri ɗaya ne: mun tabbata, hukuma ba za ta yi komai ba, babu lokacin jira. Da irin wannan tunani ne kuma ɗan daba yake ɗaukar wuƙa ya tafi rama wa unguwarsu, yana ganin kansa jarumi, alhali uwar wanda ya sara tana ganinsa bos.

Marubutan kirki sun san haka. A littafin First Blood da David Morrell ya rubuta a 1972, Rambo mutuwa ya yi a ƙarshe. Masu fim ne suka bar shi da rai a 1982, abin da ya ba su damar ci gaba da sayar da shi. Yawancin mutanen Chase masu neman kuɗin dare ɗaya a kurkuku ko a kabari suke ƙarewa. Sunan littafin Bature Gagare ma kaɗai wa’azi ne. Matsalar ita ce yaro mai shekara 14 yakan riƙe harbin ya manta da ƙarshen, sai in an samu wanda ya tsaya ya tattauna da shi.

Jaruman da Ba Su Riƙe Makami Ba

Kada ɗalibi ya fahimce ni cewa mutum guda ba ya iya komai. Yana iyawa ƙwarai, kuma ƙasar nan ta gani. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas ɗauke da cutar Ebola. Likita Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata, ta kuma sanar da hukumomin lafiya. Ita kanta ta kamu da cutar, ta rasu a watan Agusta. Ma’aikatan lafiya masu yawa suka ɗora daga inda ta tsaya, suna bin duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar gida-gida, har aka bayyana Nijeriya ta rabu da Ebola ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara.

A watan Yuni na 2018 kuma, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Ya fita ya tsaya gaban masu makamai hannu wofi, ya ƙi miƙa ko mutum ɗaya.

Waɗannan mutane biyu sun tsaya su kaɗai a lokacin da tsayuwar take da tsada, kamar dai jarumin littafi. Bambancin shi ne sun tsaya ne domin su hana a rasa rai, ba su kuma naɗa kansu alƙalai a kan kowa ba. Irin wannan jarumta ce ɗalibi zai iya gwadawa tun yana makaranta: ya ƙi shiga satar jarrabawa ko da ajin duka ya shiga, ya tsaya wa ƙaramin yaron da ake cin zalinsa a ɗakin kwana, ya faɗi gaskiya ranar da faɗinta zai sa abokai su juya masa baya.

Shawara

Ga ’yan’uwana malamai, ina ba da shawarar a ware wa waɗannan littattafai kanta guda a ɗakin karatu, na Hausa da na Turanci, bayan malaman harshe sun tace su gwargwadon shekarun yara. A ƙungiyar muhawara ko ta adabi a riƙa ɗaukar littafi ɗaya a zango, a yi wa ɗalibai tambayoyi uku. Wa ya taimaki jarumin nan wanda marubucin bai yaba masa ba? Ta yaya jarumin ya san wanda ya kashe shi ne mai laifi? Da a ce ya yi kuskure, wa zai biya? Daga nan sai a miƙa wa mai son Chase littafin Chinua Achebe ko na Cyprian Ekwensi, a miƙa wa mai son littattafan yaƙi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya saba hawa ƙaramin tsani ba ya jin tsoron babba.

Ga iyaye, idan kun ga littafi a hannun yaro, kafin ku ƙwace ku ce ya ba ku labarin. Cikin minti goma za ku san abin da yake karantawa da abin da yake ɗauka daga ciki, shi kuma zai san kun damu da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake yi, a hankali.

Ga ku ɗalibai, ku karanta, sai dai komai da lokacinsa. Lokacin nazari na nazari ne, kuma labarin ba zai gudu ba. Wanda yake jin yana da nasa labarin, ya sayi littafin rubutu ya fara. Mohammed Sule bai jira ya gama makaranta ba.

Kammalawa

Littafin jarumta yana da daɗi saboda yana ba yaro abin da yake ƙishirwa: labari mai tafiya, mutum mai daraja, da azzalumin da ya gamu da sakamakonsa. Waɗannan buƙatu ne na kirki, kuma makarantar da ta yaƙe su za ta yaye ɗaliban da ba sa karatu sai dole. Aikinmu shi ne mu bar wa yaro son adalcin, mu cire masa gaggawar yanke hukunci, mu kuma tuna masa cewa garin da yake zaune a ciki taron hannaye ne suka gina shi. Ina taya ɗalibanmu masu fita murna, ina kuma roƙon Allah ya sa su zama masu amfani ga iyayensu da ƙasarsu, amin.